Bunyaminu Sarkin Ɓera

Ba wanda ya naɗa Bunyaminu sarauta. Matan Lolo ne suka laƙaba masa Sarkin Ɓera don su ci masa fuska, sunan kuwa ya manne masa kamar ƙaska. Shi dubagari ne, dogo, siriri, kullum fuska a murtuke. Yana yawo da wandon kaki da ludayi mai dogon hannu wanda yake tsomawa cikin randunan mutane. Sallama ɗaya yake yi a ƙofar gida, ko an amsa ko ba a amsa ba sai dai a gan shi tsakar gida, mata suna rige-rigen shiga ɗaki. In ya ɗebo ruwa ya ga tsutsar sauro ba ya jan magana, randar zai tuntsurar, ta fashe ko kada ta fashe ba ruwansa. Amma abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne ramin ɓera. Da ya ga rami a gindin bango sai jijiyar wuyansa ta miƙe, ya sa a tono, a cusa ƙasa, a daɓe, shi kuma yana tsaye yana faɗa wa maigida maganar da ba a faɗa wa magidanci gaban iyalinsa.

Mutanen gari sun ɗauka mugunta ce kawai irin ta ɗan kaki. Akwai muguntar, ba za a ce babu ba, amma tana da asali.

Mutumin Lafagu ne. Ubansa ɗan fataucin goro ne da ya kwashe iyalinsa ya koma Ikko da zama, a shekarun da annobar ɓera ta faɗa wa birnin. Bunyaminu bai kai balaga ba lokacin. Abin da ya fara gani shi ne ɓeraye suna fitowa da rana tsaka, suna tangaɗi kamar masu maye, su faɗi tsakar gida su mutu. Shi da wansa suna ɗaukarsu ta wutsiya suna jefa wa juna don wasa. Ba a yi mako ba wan ya kwanta da zazzaɓi, kaluluwa ta fito masa a matsematsi, ta kumbura ta yi baƙi. Uban ya bi bayansa da irin ciwon. Bayan an kai su, sai wasu mutane suka zo da ƙyalle ɗaure a hanci, suka yaye rufin ɗakin, suka tara tabarmi da tufafi da huhunan goro suka cinna wuta. Uwar ta goya jaririyarta Sakinatu, ta riƙe hannun Bunyaminu, suka yi ta bin fatake har suka dawo Lafagu ba su da ko zanen canji.

Da ya girma ya tafi Birnin Kebbi neman abin yi, ya shiga cikin leburorin tsabta. A nan wani tsohon dubagari ya bayyana masa cewa ba ɓeran ne ke cizon mutum ba. Ƙumar da ke jikinsa ce. In ɓera ya mutu jikinsa ya yi sanyi, sai ta bar shi ta nemi jini mai ɗumi, ta kai wa mutum ƙwayar cutar. Bunyaminu ya ji wannan ya tuna hannunsa riƙe da wutsiyar ɓera, ya tuna wa ya jefa wa. Bai faɗa wa kowa ba. Ya dai riƙe aikin da hannu biyu har aka ba shi kaki, aka turo shi Lolo, bakin iyaka, garin da ƙanwarsa Sakinatu take aure.

Mijinta Maidawa babban ɗan kasuwar hatsi ne. Yana da sito mai rufin kwano kusa da inda jirage ke tsayawa a bakin Kwara, yana sayen masara da garin rogo da fatu daga wajen Dahome, ya sayar da gero da dawa. Mutum ne mai faɗin ƙirji da yawan dariya, ƙofar gidansa ba ta rabuwa da baƙi. Tun ranar farko jininsu bai haɗu da Bunyaminu ba. Maidawa na ganin surukin nasa ɗan amshin shatan Nasara, shi kuwa Bunyaminu na ganin sitonsa gidan hayar ɓeraye. Suna gaisawa saboda Sakinatu, gaisuwar da ba ta wuce leɓe.

Da aka ba da mulkin kai, mutanen Lolo da yawa sun ɗauka dubagari zai bi Turawa ya tafi. Ranar da aka yi bikin ma wasu samari suka zagaya kasuwa da ludayi a tsire kan sanda suna masa waƙar zambo. Washegari suka gan shi da kakinsa a ƙofar gidan mahauta. Maidawa ne ya ce, a majalisar ƙofar gidansa, Bature ya tafi ya manta karensa. Maganar ta kai kunnen Bunyaminu kafin la'asar, ya kuma ajiye ta.

Bayan kakar wannan shekara, wata safiya Sakinatu ta zo gidansa duba matarsa Barira da ba ta jin daɗi. Suna hira yana gefe yana shan koko, sai ta ce bana Allah ya hutar da su, ɓerayen sito suna ta mutuwa da kansu, kullum sai an share an zubar. Ta ƙara da cewa sai dai mai sharar, Lukmanu ɗan dako, shi ma ya kwanta, kaluluwa ta hana shi taka ƙafa. Bunyaminu ya ajiye ƙwaryar kokon ya fita ko hula bai ɗauka ba.

Ya tarar da Lukmanu a wata rumfa bayan sito, kwance kan buhunan wofi. Baƙo ne daga ƙetare, Badande, ba shi da kowa a garin. Jikinsa zafi rau, idanu jajur, yana ta sambatu da Dandanci. Bunyaminu ya ɗaga masa riga da tsinken kara, ya ga kumburin kamar ƙwan kaza a matsematsi. Ya leƙa cikin sito ya ga ɓera biyu a sheme kan daɓe, wani kuma yana jan ciki a bakin ƙofa, rana na dukansa bai ko gudu ba. 

Nan take ya nufi wurin mai gari ya ce annoba ta shigo, a rufe kasuwa, a hana jirage tsayawa, a ƙone siton Maidawa da duk abin da ke ciki. Mai gari dattijo ne mai gudun rigima. Ya ce a tura manzo Birnin Kebbi a kira likita, kafin nan kada a taɓa dukiyar kowa. Aka kira Maidawa. Da farko ya yi dariya, ya ce kaluluwa ai ko ƙaya mutum ya taka tana fitowa, Lukmanu kuwa ƙafarsa duk faso ce. Da ya ga maganar ta gaske ce, sai ya sauko. Ya ce a fitar da hatsin a shanya a rana, a ƙone buhuna da fatu, a wanke sito da duk maganin da dubagari yake so, shi ya yarda. Dattawan da ke wurin suka ce wannan magana ce ta hankali.

Bunyaminu ya ce bai yarda ba. Wa zai shiga ya fitar da hatsin? Duk wanda ya ɗora buhu a ka ya ɗora ƙuma. In kuma aka motsa kayan, ɓerayen da suka rage za su watsu cikin gari. Likita kuwa kafin manzo ya ƙetare Kwara ya kai can, su juyo, an gama haƙa kaburbura. Ya yi maganar da ƙarfi, yana nuna mai gari da yatsa, abin da ba a taɓa yi ba.

Maidawa ya dube shi ya ce, "Dubagari, tsoron Allah kaka yi, ko ko maganar kare ce ba ta wuce maka ba?"

Bunyaminu ya juya ya fita. Shi kansa bai tsaya ya tambayi zuciyarsa ba, ba ranar ba, ba daga baya ba.

Lukmanu ya cika washegari kafin azahar. A nan Bunyaminu ya ƙara wa kansa abokan gaba, don ya hana a taɓa gawar. Liman ya zo da masu wanka, ya tare su a bakin rumfa ya ce sai dai a kwarara ruwa daga nesa, a naɗe shi da tabarmar da yake kai. Liman ya ce Musulmi ne, ba mushe ba ne. Bunyaminu ya ce in liman na so ya bi shi, ga hanya. Da shi da leburorinsa suka ɗauki gawar bisa ƙyaure, suka kai ta bayan maƙabarta, suka zuba farar ƙasa a ramin. Aka yi wa mamacin salla daga nesa, mutane suna yi suna hararar mai kaki.

Da gari ya waye, ana gobe kasuwa, ya yi abin da ya ƙudura ba tare da izinin kowa ba. Ya sa leburori suka kewaye siton da fallayen kwano, aka kafa su cikin ƙasa don kada ɓera ya sami mafita. Ya watsa kananzir ta taga da ƙofa. Maidawa yana bakin ruwa wajen cinikin kifi aka gaya masa, kafin ya iso hayaƙi ya turnuƙe. Hatsi ba ya ci da sauri, cin ciki yake yi, amma fatu da buhuna suka ba wutar ƙarfi, rufin kwano ya yi ja ya lotsa. Ana jin kukan ɓeraye suna karo da kwanon. Sai iska ta juya. Tartsatsi ya faɗa kan jinkar rumbunan wata gwauruwa maƙwabciya, ya lashe su ƙurmus, ya tsallaka zauren Maidawa. Da ƙyar aka tare wutar da ruwan kogi kafin ta shiga ɗakunan mata.

Maza huɗu ne suka riƙe Maidawa, ba don haka ba da an yi kisa a wurin. Amma ba shi ne ya fi yi wa Bunyaminu illa ba. Sakinatu ce ta fito, ba mayafi, fuskarta duk toka, ta tsaya gabansa. Ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Yaya, a gidanka nay yi maganar ga, ina dariya, don na ɗauka gidan ɗan'uwana nike."

Ya ce ranta ya ceta, da na 'ya'yanta. Ya ce ita ba ta san abin da ya gani a Ikko ba, tana goye.

"Ina goye, gaskiya ne. Amma Inna ta hwaɗa mini yadda anka ƙone muna kaya, har ta mutu tana la'antar waɗanda sunka yi. Kai ko sai kaz zama su. Ba Lukmanu kag gani cikin rumfar can ba, Baba kag gani, kuma ƙona abincin ɗiyana ba shi tashe shi."

Ta juya ta shiga gida. Wannan ce doguwar maganar da ta yi da shi ta ƙarshe.

Kasuwa ba ta ci ba wannan makon, ba kuma ta ci na bayansa ba. Labari ya riga ya bazu har garin Dole Kaina da ƙauyukan Dahome cewa Lolo ta kamu. Jirage suna zuwa su wuce ta tsakiyar ruwa. Kifin masunta ya ruɓe, albasar mutane ta tsiro a buhu. Bunyaminu yana bin gida gida yana tambaya ko akwai mai zazzaɓi, ana rufe masa ƙofa. Wata tsohuwa ta watsa masa ruwan wanke-wanke ta kan katanga. Masu ciwon kai ma ɓoyewa suke yi, don kada a ƙone musu ɗaki. Shi kuwa kullum safiya yana tashi da shirin jin kururuwa daga wani gida. Ba a yi ba. Bayan Lukmanu ba wanda ya sake kwanciya da irin ciwon.

Likitan da ya iso daga baya saurayi ne ɗan ƙasa, wanda bai daɗe da dawowa daga karatu ba. Ya sauka a gajiye, ya nemi a nuna masa mara lafiya, aka ce an binne. Ya nemi ɓera ko ɗaya, matacce ko rayayye, aka nuna masa toka. A gaban mai gari da dattawa ya juya kan Bunyaminu ya yi masa tas. Ya ce da ya ajiye masa ɓera ɗaya cikin gwangwanin kananzir, da an aika an duba an san gaskiya. Ya ce alamun da aka faɗa masa suna iya zama annobar, suna iya zama wani abu dabam. Ita kanta ƙwayar tana da dangi, in ji shi, waɗanda ke kashe ɓera da zomo, amma a jikin mutum yawanci ciwon ciki da zazzaɓi suke sawa. Kaluluwa da zazzaɓi kuwa ciwuka da yawa na kawo su. Yanzu ba mai iya cewa komai.

Mai gari ya tambaye shi, to ƙonawar daidai ce ko kuskure? Likita ya ce in annobar ce, dubagari ya yi abin da ya tsare garin, in ba ita ba ce, ya yi ɓarna. Ya raba magani, ya sa aka yi feshi a unguwar bakin ruwa, ya koma.

A wannan zaman ne Maidawa ya kawo wata magana da bai taɓa faɗa ba. Ya ce ai shi ya sa wa ɓerayen guba, wadda wani ɗan jirgi ya kawo masa daga ƙasar Faranshi. Bunyaminu ya miƙe ya ce ƙarya ne, in gaskiya ne me ya hana shi faɗa ranar da ake roƙon a bar hatsin? Maidawa ya ce gubar ta fasa-ƙwauri ce, ya ji tsoron ɗan kaki ya kai shi gaban alƙali. Aka ce ya kawo ɗan jirgin, ya ce ya yi gaba. Aka ce a tambayi mai zuba gubar, mai zuba gubar kuwa Lukmanu ne. Gari dai ya gaskata Maidawa, don shi ake so a gaskata.

Daga nan kowa ya tsaya kan bakansa. Mutanen Lolo suna cewa ba wanda ya sake mutuwa, ke nan babu annoba tun farko. Bunyaminu yana cewa ba wanda ya sake mutuwa saboda wutar da ya sa. Hujja ɗaya ce a hannun kowa, kowa na dukan ɗan'uwansa da ita.

Maidawa bai sake tsayawa da ƙafarsa a fataucin hatsi kamar da ba, sai ya faɗa siyasa, ya kuma dace. Bakinsa ya kai inda na Bunyaminu bai kai ba. Kafin damina ta zagayo aka tuɓe wa dubagari kaki, aka ce ya wuce gona da iri. Gwauruwar da rumbunanta suka ƙone ta kai shi ƙara, alƙali ya ce ya cika mata su. Bai yi gardama a kan wannan ba. Damina biyu yana noma gonar aro yana kai mata dami, tana karɓa ba ta ce masa sannu.

Kowa ya zaci zai koma Lafagu. Barira ma ta roƙe shi, da ya ƙi ta tattara ta koma gidan iyayenta, ta ce ta gaji da zuwa rijiya ana tashi a bar mata wuri. Shi kuwa ya ce in ya bar Lolo ya amsa laifi ke nan. Ya zauna. Ya koyi ƙera tarkon ɓera da waya da guntun katako, ranar kasuwa ya shimfiɗa buhu kusa da 'yan tukwane. 'Yan gari ba su saya, ko da ɓera na cinye musu tufafi. Mutanen ƙetare ne ke saya, da Fulanin daji, su da ba ruwansu da tsohon zance. Samari in za su wuce sukan durƙusa su ce ran Sarki shi daɗe, shi kuma ya rama da zagin da ya fi nasu zafi. Bai yi laushi ba da tsufa. Ko ba kaki, in ya ga juji a ƙofar gidan mutum sai ya tsaya ya faɗa masa.

Shekaru suka tura. Sakinatu in sun haɗu a hanya takan ce ina kwana ta wuce, kamar yadda za ta ce wa baƙo. Ta aurar da 'ya'yanta ba a kai masa goro ba. Da ta kwanta ciwon ajali, ya wanke babbar rigarsa ya tafi. Maidawa na zaune a zaure, ya tsufa shi ma, ƙafafunsa sun kumbura. Bunyaminu ya yi sallama ya ce ya zo ganin ƙanwarsa. Maidawa ya ce sharaɗi ɗaya ne, ya faɗa a gaban mutanen da ke zauren cewa ya zalunce shi, sai ya shiga.

Bunyaminu na tsaye a bakin zaure. Yana jiyo tarin Sakinatu daga ciki. Ya san kalma ɗaya ce, ya kuma san da yawa a cikin zauren sun ƙagu su ji ta don a huta. Ya ce, "Kai ma ka hwaɗi gaban su ba ka sa guba ba, mu shiga tare."

Maidawa ya kau da kai ya ce a kawo masa buta.

Sakinatu ta rasu bayan kwana kaɗan. Bunyaminu ya bi sahun salla a can baya, ya bi gawar har maƙabarta, bai je zaman makoki ba. Daminar da ta biyo baya ɗakinsa ya rushe ta gefe ɗaya, ba wanda ya zo masa gayya, shi ma bai nema ba. Wani ɗan kawunsa ya zo daga Lafagu da jaki ya ɗauke shi, yana ta faɗa a hanya cewa ba guduwa ya yi ba, zai dawo da rani. A Lafagu ya rasu, kafin a yanke gero.